Yadda za ki yi da munanan tunani da dare

'Yar'uwa, kin ce da zarar kin kwanta sai tunanin gaba da fushin abin da aka yi miki su cika miki kai, kina tambaya ko akwai yadda za ki kore su. Akwai, amma ba da kokawa ba. Ki ba zuciyarki wani abin riƙo. Shi ya sa a cikin Littafi Mai Tsarki, a Filibiyawa 4:8, Manzo Bulus ya lissafta abin da za mu yi ta tunani a kai: abin da yake gaskiya, mai tsarki, na adalci, abin ƙauna da abin yabo. Kuma yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wannan.

Sai dai sharaɗi ɗaya, ki kula da abin da kike ci da ido kafin barci. Ni na daɗe ina addu'a, sannan in kwanta ina latsa Facebook har ƙarfe ɗaya, ina karanta faɗan mutane. Da na fara ajiye waya a falo, na rubuta aya ɗaya a takarda na manna a bangon gado ina maimaitawa, cikin 'yan makonni na fara samun barci.