Majo ya haɗa ni da sababbin infirmiyoyi, ina tsoron tambayarsu

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Shekarata 6 ina aiki a sashen yara na wani asibiti a nan Damagaram. Majo, wato shugaban ma'aikatan jinyar sashenmu, ya damƙa mini sababbin infirmiyoyi 2 in horas da su, gabana kuma sai faɗuwa yake kada su tambayi abin da ban sani ba. Abokan aiki sun ce in ɗaure fuska, in riƙa tsawa, kada su raina ni. In bi shawararsu?

Amsa: Ƙanwata, kada ki bi. Wannan magana ta "ɗaure fuska" kullum muna jin ta, ta kuwa ishe mu. Wanda aka yi wa tsawa gaban uwar yaro sau ɗaya ya daina tambaya ke nan, sai kintace. Kintace da sirinji a hannu!

Duba artesunate, allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da za su wuni suna haɗawa idan zazzaɓin damina ya cika gadaje. Kwalbar mg 60, a narka da bikarbonat ml 1. Ta jijiya a ƙara ruwan gishiri ml 5, kowane ml ya ɗauki mg 10. Ta tsoka ml 2 ake ƙarawa, kowane ml ya zama mg 20. Yaro mai kilo 12 yana buƙatar mg 3 a kowane kilo, wato ml 3,6 na haɗin jijiya. Sabon da ke tsoronki zai haɗa na tsoka, ya zuƙi 3,6, ya ninka maganin. Ko ya lissafa da mg 2,4 a kowane kilo na manya, ya rage. Duka biyun ba zai faɗa miki ba. Wai kwarjini! Masu ba ki shawarar haka aka yi musu, suna ramawa ne kan na baya.

Idan tambaya ta fi ƙarfinki, ki ce "mu duba tare", ki buɗe takardar ƙa'ida a gabansu. Makon farko su kalla, na biyu su yi kina tsaye, su faɗi lissafi da baki kafin su zuƙa. Gyara kuwa a keɓe, bayan an bar gadon.

Ki kuma nemi majo ya jera gadinku, wato lokutan aikinki da nasu, tare a tsarin wata. Ana ɗora wa mutum horo a sa shi dare, ɗalibansa safe, sannan a zo ana tambayar me suka koya.