Jinyar karen gadi da kuɗin gonar gado: a ci gaba ko a tsaya?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Muna da kare mai gadin gonarmu a bayan gari, inda muke kiwon kaji da awaki. Shekararsa 9 a wajenmu, yayana marigayi ne ya kawo shi tun yana ɗan kwikwiyo. Wata biyu da suka wuce ya daina cin abinci ya rame, likitan dabbobi ya ce cutar kaska ce ta shiga jininsa, aka yi masa allurai ya farfaɗo. Yanzu ciwon ya dawo da amai, likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, sai an kwantar da shi ana ƙara masa ruwa ana gwajin jini, kuma bai ba ni tabbacin zai tashi ba. Abin da na kashe zuwa yau ya kai kuɗin buhun masara biyu, daga asusun gonar nake cira, gonar kuwa gadon mahaifinmu ce, tsakanina da 'ya'yan yayan nawa marigayi su uku, duk ƙanana. Wani abokina ya ce haramun ne kashe kuɗi a kan kare, najasa ne, an ma hana cin kuɗinsa, in kai shi daji in yar kawai. Ni kuma zuciyata ta kasa. In ci gaba ko in tsaya? In na tsaya ina da laifi?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari.

Ajiye kare don gadin gona da dabbobi halal ne da nassin hadisi, babu naƙasar lada a kanka. Yi masa magani ma halal ne, akwai lada a ciki. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka, ɗan'uwa, jumla ce da ka faɗa a wuce: "daga asusun gonar nake cira." Wannan asusun ba naka ne kai kaɗai ba. Kason yayanka ya koma ga yaran nan uku, da mahaifiyarsu mai tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan ya rasu tana matarsa. Da aljihunka ne da na ce maka duba hali ka yi abin da zuciyarka ta natsu da shi. Amma mai riƙe da dukiyar maraya an ɗaure masa hannu da faɗin Allah a Suratul An'am da Suratul Isra'i cewa kada a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Ma'aunin waliyyin maraya shi ne maslahar yaron, tausayin waliyyin ba ya shiga lissafi.

Saboda haka raba jinyar gida biyu. Akwai wadda ake yi wa kare don ya tashi ya koma bakin aikinsa. Wannan hidimar gona ce, kamar gyaran shinge ko rigakafin kaji, ana cire ta daga asusun gona gwargwadon abin da mai hankali zai kashe. Jinyar farko da ka yi tana cikin wannan, ba ka da ramuwa a kanta. Akwai kuma wadda ake yi wa tsohon kare don a ƙara masa kwanaki alhali an san ya gama gadi. Ita ma kyakkyawa ce, sai dai sadaka ce, kuma ba a yin sadaka da kuɗin maraya. In za ka yi ta, yi daga kasonka, bayan ka fitar da cefanen gidanka da haƙƙin waɗanda kake ciyarwa, ba tare da cin bashi ba.

Wanne daga ciki kake fuskanta? Likita ne zai faɗa, don haka koma ka tambaye shi gar da gar. Likitoci suna bambanta ƙodar da ta tsaya farat ɗaya saboda ciwo, wadda takan dawo idan an tallafe ta da ruwa, da wadda ta daɗe tana lalacewa, wadda ba ta komawa yadda take. Ce masa: a ganinka wacce ce wannan, kwana nawa za mu gwada kafin gwajin jini ya nuna inda aka dosa, nawa ne jimillar kuɗin, kuma in ya tashi zai iya gadi? Kada ka yarda da "bari mu gani" marar iyaka. In kana kusa da asibitin koyarwa na dabbobi, irin na jami'o'in Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, jin bakin likita na biyu ya fi sauƙi a kan mako guda na kwanciya. Idan ya ce akwai kyakkyawan zato, ku sa wa'adi da iyakar kuɗi ka gwada. Idan ya ce jan kwana ne kawai, ka tsaya, babu laifi a kanka ko ƙwayar zarra. Abin da shari'a ta wajabta wa mai dabba shi ne ci da sha da kare ta daga azaba. Bin magani har ƙarshen abin hannu kyautatawa ce, ba a kama wanda ya gaza.

Sai maganar abokinka, wadda zan ɗan daɗe a kanta domin ta yaɗu, har a bakin masu karatu.

Ya ce kare najasa ne. A mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa, har kare. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, a wajen Malikawa bin umarni ne na bauta. To mu ɗauka ma mun bi Shafi'iyya da Hanabila da suka ce najasa ne. Me wannan ya haifar? Ya haifar da cewa ka wanke abin da yawunsa ya taɓa kafin ka yi salla. Babu malamin da ya ciro daga nan cewa a bar shi da yunwa ko ciwo. Mutumin da Bukhari da Muslim suka ruwaito labarinsa, wanda ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, karen da ya shayar na kan hanya ne. Bai taɓa yi masa gadin ko kaza ɗaya ba, kuma Allah ya gafarta masa. Naka shekara 9 yana kwana a waje cikin hunturu ku kuna barci.

Ya ce an hana cin kuɗin kare. Hadisin ingantacce ne, amma a kan farashin sayar da kare yake magana. Kai ba saye kake yi ba, ba sayarwa ba. Ladan aikin likita kake biya da kuɗin magani, kamar yadda kake sayen dusar da ake dama masa, kuma ban taɓa jin wanda ya haramta dusar ba. Ko a sayarwar ma malamanmu sun yi saɓani game da karen da aka yi izinin ajiyewa, har aka ruwaito Sahnun, mai Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, yana cewa zai sayar da shi ya yi aikin hajji da kuɗin.

Watakila ya ƙara da cewa an yi umarnin kashe karnuka. An yi, sannan aka janye. A Sahihu Muslim, Abdullahi ɗan Mugaffal ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan umarnin ya ce ina ruwansu da karnuka, ya kuma yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo. Su ma malaman da suka tsananta ba su rufe ido ga buƙata ba. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen cikin gari. Masu sharhin littafin sun kawo cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, sai ya ajiye kare. Aka tuna masa ra'ayin Malik, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Mai gona a bayan gari a yau ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Abin da ya rage masa shi ne almubazzaranci, cewa ga mutane da yunwa kai kana ɗaura wa kare ruwa. A nan akwai ƙamshin gaskiya, ba zan ɓoye ba. Wanda ke kiwon karen ado don a gani, yana kashe masa abin da zai riƙe gida guda, maƙwabcinsa na kwana da yunwa, wannan sai ya tanadi amsa. Amma Ibnu Mas'ud ya fassara almubazzaranci da kashe dukiya ba a inda ta cancanta ba, dabbar da ke ƙarƙashinka kuwa tana da haƙƙi a kanka. In da kasancewar mabuƙata a gari yana haramta kowane kashe kuɗi na halal, da shi ma abokin naka bai canza waya ba.

Shawararsa ta a kai shi daji a yar, ita ce haramun ɗin da ke cikin wannan zance duka. Karen da ba ya iya tashi, ka ajiye shi a rana, ƙuda na bin idonsa, ƙishirwa ta kashe shi a kwana uku ko huɗu: wannan bai yi nisa da matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba. Idan ka daina magani, dawo da shi gona, shimfiɗa masa buhu a inuwa, ruwa a kusa da bakinsa, abinci mai laushi in zai karɓa, da maganin rage amai da zafi in likita ya rubuta. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane da ka, wasunsu ƙodar suke ƙarasawa.

Idan wahalar ta yi tsanani, ba ya ci ba ya sha, likita ya yanke ƙauna, ya halatta a hutar da shi. Shehu Khalil a Mukhtasar ya halatta yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, masu sharhi suka ce don a hutar da ita ne. Shafi'iyya sun hana, wanda ya bi su ya ci gaba da kula da dabbar har ta mutu da kanta bai yi laifi ba. Ni na fi karkata ga na farko, da sharaɗin likita ne zai yi da allurar da ke sa shi barci ya wuce. Ban yarda da shinkafar ɓera ko fiya-fiya ko sanda ba, azaba ce tsagwaronta. Sannan a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, domin mushen da ke da magani a jiki yana iya kashe ungulu da sauran abin da ya ci shi.

Ba ka tambaya ba, amma ina da magana biyu. Kare marar lafiya yakan ciji ko mai shi, don haka hana yara zuwa kusa da shi. Alamomin da ka faɗa ba su ne na haukan kare ba, amma idan ka ga dalala, ko ya kasa haɗiya, ko yana kai wa komai cizo, killace shi ka kira likita. Wanda aka ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a wuce asibiti ranar, domin ciwon in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. In kun kawo sabon kare, rigakafin hauka na shekara-shekara da maganin kaska sun fi duk wannan jinyar araha, kuma su kam daga asusun gona za a cire.

Ta biyun ta fi nauyi. Ina jin rabin abin da ya sa zuciyarka ta kasa shi ne hannun da ya kawo karen nan gona. Wannan ba abin kunya ba ne. Amma abin da yayanka ya bari da ya fi buƙatar tsaronka su ne yaran nan uku, kuma daga yadda ka rubuto ban ga alamar akwai rubutaccen lissafi tsakaninka da su ba. Sayi littafi a wannan makon, rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har kuɗin buhun masara biyun nan da ranar da aka kashe su, ka nuna wa mahaifiyarsu. Sannan ka nemi malami ko alƙali a fayyace kason kowa a gonar a gaban shaidu, ko da za ku ci gaba da nomanta tare.

Allah ne mafi sani.