Kwamfuta ba ta ganin wata

Ka ce, "Maigida, tunda kwamfuta ke jera shirye-shiryen gidan rediyon nan tana saki da kanta, me zai hana mu loda mata na Sallah tun 27 ga azumi, kowa ya tafi gida ya ci tuwonsa?"

Ai loda mata za mu yi, ɗana. Gaisuwar 'yan kasuwa da muka naɗa, tallan shadda da takalmi, kiɗan taushi, duk nata ne. Ba ta mantuwa, ba ta makara. Sai dai ba ta ganin wata.

Daren da azumi ya cika 29, babu wanda ya san ko gobe idi ne ko sahur, sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato, wani lokacin ma sai dare ya raba. A 2024 ba a ga wata ba, aka cika 30, Sallah ta kama Laraba 10 ga Afrilu. Shi ya sa jadawali biyu nake haɗawa, na azumi da na Sallah, kuma dole a bar mutum zaune ya zaɓi ɗaya. A wata tasha da na taɓa aiki, wani yaro ya ɗora na Sallah ya tafi aski. Da asuba mutane na sahur, rediyo na ta rangaɗa "barka da shan ruwa". Wata tsohuwa ta bugo waya tana tambaya, kokon nan da ta dama, ta shanye yanzu ko ta jira a sauko idi? Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Sai hawa. Sarki ba da agogonka yake hawa ba. Ka rubuta ƙarfe tara, goma ta gota dawakin hakimai ba su gama shigowa Ƙofar Soro, ƙofar fadar Sarkin Katsina, ba. In ka bar wa na'ura, tana yanke ka da tallan sabulu daidai lokacin jahi. Can kuma kada ka kafa makirfo a bakin kakaki, sautin fashewa yake. Ja gefe, ka bar algaita da tambari su iso da kansu.

Ka ajiye naɗin hawan bara a kusa. A 2020 korona ta hana hawa, irinsa muka saka, amma muka faɗa wa masu sauraro cewa tsoho ne.

Bana kai za ka kwana a situdiyo daren duban wata. Zo da tabarma, ka kuma leƙa janareta ka ga ko akwai mai.