Tambaya da Amsa: Yadda Aji Ɗaya Ke Fitar da Fom ɗin Rajista

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta wa ƙungiyar manoman garinmu wata ƙaramar manhaja ta rajistar mambobi da harshen Python. Damuwata ita ce ina maimaita jerin bayanan da ake buƙata a wuri uku: a fom ɗin da mutum zai cike, a wurin tantance abin da ya cike, da kuma wurin ajiya. Kwanaki na ƙara gurbin girman gona a fom, na manta ban ƙara shi a wurin tantancewa ba, har aka yi mako biyu wasu na rubuta "babba" a inda ake son adadi. Na ji an ce ana iya rubuta aji guda (wato class a Python) mai nau'ukan bayanai, shi kuma ya fitar da sauran. Yaya abin yake, kuma zan iya dogara da shi kacokan? Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma ina ba ka shawarar ka koma wannan hanya tun manhajar taka ba ta yi girma ba.

Tun daga Python 3.5, wadda ta fito a 2015, mai rubuta manhaja yana iya bayyana nau'in kowane abu, wato ya ce wannan rubutu ne, wannan lamba ce, wancan kwanan wata ne. Sai dai Python ba ta tilasta wannan bayani yayin da manhaja ke aiki. A nan ne Pydantic ya shigo, ƙunshin kayan aikin Python na tantance bayanai da Samuel Colvin ya fara a 2017, wanda zubinsa na biyu ya fito a watan Yuni na 2023. Za ka rubuta aji, ka sa masa suna Mamba misali, ka jera gurabensa: suna ya zama str (rubutu), shekaru su zama int (cikakkiyar lamba), girman gona ya zama float (lamba mai ɗigo), irin amfanin da ake nomawa kuma ya zama zaɓi tsakanin masara, dawa, auduga da waken suya. Idan ka kira model_json_schema() a kan ajin, zai ba ka taswirar bayanan a tsarin JSON Schema, zubin 2020-12, wadda ke faɗin sunan kowane gurbi, nau'insa, iyakarsa, da waɗanda dole ne a cike. Ƙunshi irin react-jsonschema-form yana iya karɓar wannan taswira ya zana fom da ita, ajin da ya haife ta kuma shi ne zai tantance amsar da ta dawo. Ka ga ke nan ranar da ka ƙara gurbi a aji, fom da tantancewa sun samu tare.

Amma tambayarka ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, kuma amsarta ita ce a'a, ba za ka sakar masa komai ba.

Da farko, taswirar ba ta ɗaukar dukkan dokokin da ke cikin ajin. Idan ka ce shekaru kada su gaza 18 ta hanyar Field, wato abin da Pydantic ke sa wa gurbi ƙa'ida da shi, wannan iyaka za ta bayyana a taswira, fom kuma zai san da ita. Idan kuwa ka rubuta taka dokar da field_validator, kamar a ce a duba ko ƙaramar hukumar da mutum ya zaɓa tana cikin jihar da ya ambata, wannan doka tana nan cikin Python, ba ta tsallakawa zuwa taswira. Fom zai karɓi amsar cikin lumana, sai ta isa uwar garke, wato kwamfutar da manhajarka ta Python ke aiki a kanta, sannan a ƙi ta. Saboda haka wajibi ne ka sake tantance duk abin da ya iso da model_validate(), ka kuma tanadi yadda za a mayar wa mai cikewa da bayanin kuskurensa da Hausa, domin saƙonnin da Pydantic ke bayarwa da Turanci suke. Ko da babu irin wannan doka, abin da burauza ta tantance ba abin dogaro ba ne, tunda kowa na iya aiko da bayanai kai tsaye ba ta fom ɗinka ba.

Sai kuma zaɓen nau'i, wanda a ganina nan ne yawancin masu koyo ke yin tuntuɓe, domin na'ura za ta fitar maka da taswira mai kyan gani ko da nau'in da ka zaɓa kuskure ne. Lambar waya a Najeriya tana da alƙaluma 11 kuma da sifili take farawa. Idan ka ayyana ta a matsayin int saboda ana ce mata lamba, sifilin farko zai ɓace, a bar ka da alƙaluma 10. Rubutu ce, a sa mata str tare da ƙa'idar tsawo. Haka nan gurbin suna: da yawa sukan kwafo ƙa'idar da ke karɓar haruffan A zuwa Z kaɗai, ba su lura cewa ta kori Ɗanladi da Ɗanjuma da duk mai ƙugiya a sunansa ba. Wannan yana ci mini rai, domin manhajar da Bahaushe ya rubuta wa Hausawa bai kamata ta tilasta wa manomi ya ɓata rubutun sunansa kafin a karɓe shi ba. Girman gona ma ka faɗi ma'auninsa a fili, kadada ce ko eka, ka rubuta hakan da Hausa a title da description na gurbin, tunda daga nan fom zai ɗauki abin da zai nuna wa mutane.

Akwai wani ƙaramin tarko a zubi na biyu na Pydantic. Rubuta Optional kaɗai ba ya sa gurbi ya zama na ganin dama. Yana nufin ana iya aiko shi babu komai a ciki, amma dole a aiko shi. Sai ka ba shi None a matsayin abin da zai ɗauka idan ba a cike ba, sannan zai fita daga jerin na dole.

Game da wurin ajiya, SQLModel na Sebastián Ramírez, wanda ya rubuta FastAPI, yana ba da damar aji ɗaya ya zama teburin ajiya ma. Duk da haka na fi son ka raba ajin karɓar bayanai da na ajiya, domin akwai guraben da mai cike fom bai kamata ya taɓa ba, kamar lambar mamba da ko ya biya kuɗin ƙungiya. Waɗancan bayanai na mako biyu kuma, ka bi da su ta sabon ajin ɗaya bayan ɗaya; duk wanda aka ƙi, ka ware sunansa ka ba sakataren ƙungiya ya tambayi mai gonar ainihin girmanta.