Ciwon yana hanji, me ya kawo hoton ƙirji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne a Kwari, shekarunsa 63. Ya yi wata uku yana ganin jini a bayan gida, aka zura masa kyamara ta dubura, aka ɗebi tsoka, aka ce kansar babban hanji ce. Yanzu an rubuta masa hoton siti na ƙirji da ciki da mara kafin tiyata. Yayanmu ya ce cin kuɗi ne kawai tunda mun riga mun yi sikanin. Me ya haɗa hanji da ƙirji?
Wata 'yar'uwa daga Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ki lallaɓa Yaya, hoton nan na siti (CT), wanda na'ura ke ɗauka don nuna cikin jiki dalla-dalla, yana da muhimmanci ƙwarai.

Jinin da ya baro hanji ba ya zarcewa zuciya. Wata babbar jijiya ce take fara kai shi hanta, shi ya sa idan kansar hanji za ta yaɗu, bayan kaluluwar da ke kusa, hanta take fara yi wa sallama, sannan huhu. Kyamarar da aka zura cikin hanjin kawai ta gani, kamar mai leƙa rijiya. Sikanin ɗin da kuka yi kuwa, irin na masu juna biyu, ƙananan tabo a hanta kan ɓace masa, kuma ba ya iya duba cikin huhu. Da hoton siti likita zai san matakin ciwon, daga 1 zuwa 4, ya san ko tiyata za a fara ko magani. Ina jin ciwo idan na ga an buɗe dattijo, sai a lokacin a gano abin da hoto zai iya nunawa tun farko.

Kafin ranar za a gwada ƙodarsa, saboda ruwan da ake ɗurawa ta jijiya don hoton ya fito ras. Zai ji ɗumi ya ratsa shi har kamar ya saki fitsari, ki gaya masa tun a gida kada ya tsorata. In yana shan Metformin don ciwon suga, ko allura ta taɓa sa masa ƙaiƙayi, ku faɗa wa masu ɗaukar hoton.

Ko an ga tabo a hanta, kada gwiwa ta yi sanyi. Wani lokaci ana ƙara wani irin hoto da ake kira MRI don a tantance, kuma akwai wanda ake yankewa mutum ya samu sauƙi. Ku karɓi faifan hoton tare da rahoton ku adana, da shi za a kwatanta hotunan gaba.