Ra'ayoyin nazarin tallan talabijin za su yi aiki a kan YouTube?

Kana tambaya ko ra'ayoyin da masana suka gina a kan tallan talabijin za su yi maka amfani a bincikenka na YouTube, ko sun tsufa. Za su yi ƙwarai, kada ka watsar da su. Tun a 1977 masanin sadarwa Dallas Smythe ya nuna cewa hajar da gidan talabijin na kasuwanci yake sayarwa ita ce masu kallo: a tara su da wasan kwaikwayo ko labarai, sannan a sayar wa masu talla hankalinsu. Har gobe daga wannan cinikin Google (mai YouTube) da Meta (mai Facebook) suke samun mafi yawan kuɗinsu.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan na ga ɗalibai suna tuntuɓe. A talabijin duk waɗanda suka kamo tasha ɗaya talla ɗaya suke gani, don haka naɗar shirye-shiryen mako guda ya isa a ƙirga tallace-tallacen. A intanet kuwa nan take ake gwanjon gurbin tallan, bisa bayanan mai riƙe da wayar. Mutum biyu za su buɗe bidiyo ɗaya, wannan ya ga tallan takalmi, wancan na bashi. In daga wayarka kaɗai ka tattara samfuri, halayenka ka nazarta. Nemi mutane masu bambancin shekaru da jinsi su turo maka hoton abin da ya fito musu, ka rubuta rana da lokacin kowanne, domin tallan kan sauya cikin sa'o'i kaɗan.