Tambaya da Amsa: Me ya sa kowa ke auna tangarɗar manhaja da mudunsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin bankin ba da rance a Katsina, inda muke amfani da manhajar da ke auna haɗarin ba ɗan kasuwa bashi. Idan an gano tangarɗa a cikinta, wannan ya rubuta "mai tsanani", wancan ya rubuta "ƙarama" a kan irinta, har masu gyara sun daina kula da abin da muka rubuta. Yaya za mu daidaita lamarin?
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A ganina ma'aikatanku suna amsa tambayoyi biyu ne a gurbi guda, wato yawan ɓarnar da tangarɗa ke yi, da kuma gaggawar da gyaranta ke buƙata. Idan sunan banki ya fito da kuskure a shafin farko, gyaransa na gaggawa ne saboda kowa na gani, amma ko kwabo ba a yi asara ba. Idan kuwa manhajar tana tsallake tsohon bashin da ke kan mai neman rance, sai ta nuna wani ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa a matsayin wanda ba shi da haɗari alhali bashi ya yi masa katutu, wannan ita ce mai tsanani, ko da babu wanda ya yi ƙorafi. Irin wannan ce ta fi ba ni tsoro, domin manhajar ba ta tsayawa, lissafin ƙarya kawai take fitarwa a yi aiki da shi. Saboda haka ku ware wa kowace tambaya gurbinta.

Bayan haka, ku rubuta ma'anar kowane matakin tsanani da abin da ake iya tabbatarwa: shin tangarɗar ta sauya hukuncin ba da rance, ta shafi rahoton da kuke aika wa Babban Bankin Najeriya, ko ta fallasa bayanan abokan hulɗa, waɗanda dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta a tsare? Matakai huɗu sun wadatar, kowanne da misali daga aikinku.

Ku yi hattara da ninka lambobi. A tsarin FMEA, wato hanyar da injiniyoyi ke bi wajen tantance yadda abu zai iya lalacewa da illar hakan, ana ba tsanani da yawan aukuwa da wuyar ganowa maki daga 1 zuwa 10 a ninka su, don haka matsala mai maki 10 da 2 da 2 tana samun 40, mai 4 da 5 da 5 kuma ta samu 100 ta shige gabanta, duk da cewa ta farkon ce mai hallakarwa. A 2019 ƙungiyoyin masana'antar motoci na Amurka da Jamus suka bar wannan lissafi a littafin jagorarsu, suka koma tsarin da ke fifita tsanani.

Kafin ku fara aiki da sabon ma'aunin, ku ɗebo tsofaffin tangarɗu kamar ashirin, jami'in rance da mai gwaji da mai gyara kowa ya ba su mataki shi kaɗai, sannan a kwatanta. Duk inda aka saɓa, ma'anar da kuka rubuta ce ke buƙatar gyara. Daga nan a riƙa zama kowane mako, a kuma ba mutum guda ikon yanke hukunci idan an kasa daidaitawa. Duk tsohuwar tangarɗar da ta koma mai tsanani a sabon ma'auni, sai ku sake duba rancen da aka amince da shi a lokacin da take cikin manhajar.